Ku sa wa kowane layin log lambar buƙata

Masu kodin, ku daina rubuta log (bayanan da manhaja ke ajiyewa kan abin da take yi) kamar wasiƙa. Kowane layi ya zama JSON (tsarin rubuta bayanai da na'ura ke iya karantawa) guda ɗaya, da request_id, wato lambar buƙata, a ciki.

Buƙata na shigowa sabar sai ka ba ta lamba, ta bi ta duk inda ta je. Ranar da abu ya lalace, jq (manhajar tace JSON) kawai zaka ɗauko ka tace da lambar nan, komai ya fito a jere, ba sai ka kwana kana laluben rubutu da grep ba kamar yadda na taɓa yi wallahi.

Amma fa a Loki (manhajar tara log) kar ka mai da lambar label (alamar da yake ware log da ita), index ɗin da yake bincike da shi zai kumbura sabar ta yi nauyi. Kuma in wata sabis bata miƙa wa ta gaba lambar a header (bayanan da ke saman buƙata) ba, nan sawu ya ɓace.