Yadda na sa layin rediyonmu ya fara ɗaukar kaya

Ofishinmu na Wuse da ma'ajiyarmu ta Idu a Abuja suna da hanya biyu ta aika bayanan kwamfuta a tsakaninsu: layin faiba mai megabit 100, da layin rediyo mai megabit 20 da ke bi ta wata rawuta ta uku (rawuta ita ce na'urar da ke zaɓa wa bayanai hanya). Da azahar faiba ya cika maƙil har kiran waya ya riƙa yankewa, rediyo kuwa yana zaune ba aiki, alhali duk wata ana biyan kuɗinsa. Abin ya daɗe yana ci mini rai.

Muna kan EIGRP, tsarin da rawutoci ke zaɓar hanya da shi, to sai na sa variance (lambar da ke ba shi damar raba kaya da hanya mai nisa) 5 maimakon 1 da yake zuwa da shi. Shiru. Na ɗaga zuwa 10, nan ma shiru.

Sai da na buɗe show ip eigrp topology all-links, umarnin da ke nuna duk hanyoyin da rawuta ta sani, na gane. EIGRP ba ya duba variance sai nisan da maƙwabciyar rawuta ta faɗa ya gaza mafi ƙarancin nisan da ni nake da shi, don kada kaya su riƙa kewaya. Nata ya ɗara nawa kaɗan, shi ya sa aka watsar da hanyar tun farko.

Ban taɓa bandwidth (faɗin layi) ba, domin tsarin fifita murya yana dogara da shi. Delay (jinkirin layi) na ƙara a bakin faiba don nisana ya zarce nata, ana ƙirga shi goma-goma na maikirosakan, sannan bayan isha'i na sake haɗa maƙwabtakar. Hanyoyi biyu suka bayyana a teburin hanyoyin rawuta, na mayar da variance 5. Washegari da azahar rediyo yana ɗauke da nasa kason, kiran waya ya daina yankewa.