Kurakuran da muke ta maimaitawa wajen jinyar tsofaffinmu a Legas

Makon jiya na je dubiya gidan wani aminin mahaifina a Idi-Araba, dattijo ne da ya haura saba'in, wanda aka sallamo daga asibiti wata biyu da suka wuce. Bayan mun gaisa na ja babban ɗansa waje, na ce masa ina maganin hawan jinin Baba. Sai ya ce ai ya ƙare tun farkon wata, kuma tunda jinin ya sauka ba su ga dalilin sake saya ba. Na tsaya ina kallonsa kawai. Wannan ne gida na huɗu a bana da na ji irin wannan amsar, shi ya sa na ce bari in zauna in rubuta, ko na huta da maimaita magana ɗaya a bakin ƙofar mutane.

Ni ba likita ba ne, albasa nake sayarwa a kasuwar Mile 12. Abin da na sani na koye shi ne a bencin asibiti, shekara shida ina jinyar mahaifina, yanzu kuma ga Inna a hannuna.

A 2016 aka auna mahaifina, Alhaji, aka samu jininsa 170 bisa 100. Lokacin yana da shekara 68, yana dillancin shanu a kwatar Oko-Oba a Agege, ƙarfinsa ƙalau, ko ciwon kai bai cika yi ba. Aka ɗora shi kan amlodifin, ƙwaya ɗaya kullum. Bayan wata uku jinin ya dawo 130 bisa 80, sai dai ƙafafunsa suka fara kumbura, takalmin zuwa masallaci ya daina shigarsa. Wata rana ya kira ni ya ce, "Kai, ƙwayar nan ta ishe ni. Na warke, kuma ita ce ke kumbura mini ƙafa." Na ce, "To Baba, Allah ya ƙara sauƙi." Iyakar abin da na ce ke nan. A kaina na ɗauka maganin hawan jini kamar na zazzaɓin cizon sauro yake, ka sha na kwanaki, ka gama, ka jefar da kwali. Kuma in faɗi gaskiya, har da ɗan jin daɗin an rage mini kuɗin magani.

Jinin da ya sauka, maganin ne ya saukar da shi, ranar da aka daina kuma ranar zai fara komawa inda ya fito, ba tare da mutum ya ji komai a jikinsa ba. Kumburin ƙafar kuwa sanannen halin amlodifin ne, da mun koma mun faɗa wa likita da rage shi zai yi ko ya canja wani. Haka lisinofiril, wani maganin hawan jinin, yake sa wasu busasshen tari mai naci, shi ma canjawa ake yi. Mu ba mu koma ba.

Wata biyar bayan nan, da asuba, yana alwala buta ta suɓuce daga hannunsa na hagu. Ya sunkuya zai ɗauka hannun ya ƙi. Da na haska fuskarsa da fitilar waya sai na ga bakin ya karkace, yana kiran sunana amma harshen ya yi nauyi. A nan muka tafka kuskure na biyu, wanda har gobe in na tuna sai barci ya gagare ni. Muka kwantar da shi a ɗaki. Wannan ya ce iska ce ta buge shi, wancan ya kawo man habbatus-sauda a shafa, aka aika a karɓo rubutu, wata ƙanwarsa ta dama koko tana ɗura masa da cokali yana shaƙewa. Maƙwabta suka cika tsakar gida, kowa da tasa fatawar. Ba mu nemi mota ba sai bayan azahar, muka faɗa cunkoso, sai wajen la'asar muka isa asibiti. Tambayar farko da likitar ta yi mini ita ce, da ƙarfe nawa abin ya fara? Da na faɗa mata sai ta ajiye biro. Ta ce in jini ne ya daskare ya toshe jijiyar ƙwaƙwalwa, akwai allurar da ke narkar da shi, amma sai cikin awa huɗu da rabi na farko, kuma sai an ɗauki hoton kai an tabbatar ba fashewa jijiyar ta yi ba. Kokon nan kuma ya bi ta hanyar numfashi ya sauka a huhu, ya jawo masa ciwon huhu a kan shanyewar. Alhaji bai sake taka kwata da ƙafarsa ba har Allah ya karɓi abinsa a 2022.

Saboda haka ku ji ni da kyau. Baki ya karkace, hannu ko ƙafa ta mutu ɓangare ɗaya, magana ta sarƙe: a duba agogo, a riƙe lokacin, a fita. Kada a ba shi ruwa, kada a ba shi abinci, kada a ba shi asfirin don wani ya ce yana tsinka jini, domin in jijiya ce ta fashe ƙara ɓarna zai yi. Lambar gaggawa ta Legas 112 ce ko 767, in motar ba ta zo da wuri ba a tari duk abin da aka samu. A nufi babban asibiti mai na'urar hoton kai, irin LUTH da ke nan Idi-Araba ko LASUTH a Ikeja, kada a ɓata awa biyu a ƙaramin asibitin unguwa ana ƙarin ruwa. Ban hana kowa addu'a ba, a yi ta a cikin mota.

Abin da nake yi yanzu da Inna ba wani abin a zo a gani ba ne. Na sayi na'urar awon jini irin wadda ake ɗaurawa a damtse, da littafin makaranta mai shafi arba'in. Bayan sallar asuba, kafin ta ci goro, sai ta zauna a kujera ta jingina bayanta na minti biyar, hannu a kan tebur, in auna sau biyu in rubuta. In na ga kwana uku a jere yana haura 140 bisa 90, ba na jiran ranar da aka ba mu, asibiti muke komawa da littafin. Magani kuma ina sayo na wata mai zuwa tun saura na mako guda.

Ita ma Innar sai da na kusa rasa ta, kuma wannan karon ma da hannuna a ciki. Gwiwoyinta sun daɗe suna damunta, sujada sai a kujera. Akwai wani mai kemis a bayan layinmu da ke yin abin da ake kira haɗi: ya ɓallo ƙwayoyi huɗu ko biyar kala-kala ya ƙulle a farar leda, ba suna, ba kwali. Inna na sha sai ta miƙe garau har da shara, tana sa masa albarka. Ni ne ma mai aiken yaro ya karɓo. Wajen wata takwas tana sha, fuskarta ta yi ɓul-ɓul muna cewa ƙiba ce ta kwanciyar hankali. Rannan ta kira matata a asirce ta ce bayan gidanta ya koma baƙi ƙirin kamar kwalta, ga jiri in ta tashi. Jini ne ke zuba a cikinta. Da aka bincika ledar a asibiti, akwai diklofenak, akwai ibufurofen, akwai firednisolon. Biyun farko dangi ɗaya ne, suna cin bangon ciki, suna tayar da hawan jini, suna gajiyar da ƙoda, balle ƙodar tsoho da dama ta rage ƙarfi. Na ukun shi ya kumbura mata fuska ya kuma tayar mata da suga, kuma wanda ya daɗe yana shan sa ba a yanke masa lokaci ɗaya, sai likita ya riƙa ragewa a hankali. Sai da aka ƙara mata jini leda biyu.

Don Allah wane irin ganganci ne wannan? Mutum ba zai sayi buhun albasa bai kwance bakinsa ya duba ba, amma zai karɓi ƙwayar da ba ta da suna ya miƙa wa uwar da ta haife shi. Haka masu yawo da robobin agbo, maganin gargajiya na Yarbawa, a tashar mota da masu lasifika a bayan mota, kwalba ɗaya wai tana maganin suga da basir da sanyi da hawan jini. Tsohon da ke shan maganin asibiti ka ƙara masa wannan, ƙodarsa ce za ta biya bashin, wankin ƙoda kuma sau biyu ko uku ake yi a mako, ku je ku tambayi kuɗin zama ɗaya. A gidana yanzu doka ce, ƙwayar da ba ta cikin kwalinta mai suna da lambar NAFDAC da ranar lalacewa ba ta ƙetare ƙofa. Gwiwar Inna kuwa farasitamol ne bisa adadin da likita ya rubuta, da man shafawa, da tsumma mai ɗumi, da zagaya tsakar gida da sanda safe da yamma. Ba ta miƙewa garau kamar da, tana kuma yi mini mitar hakan kullum. Na yarda ta yi ta yi.

Gishiri: abin da Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce shi ne kada ya kai giram 5 a yini, wato ƙaramin cokalin shayi ɗaya, har da wanda ke ɓoye a abinci. Mata sukan ce ai sun daina sa wa Baba gishiri, alhali sun jefa magi huɗu a miya, ga kanwa, ga yajin tsire, ga kilishin da aka kawo tsaraba daga gida. Duk jirgi ɗaya ya kwaso su. Mu daddawa da citta da tafarnuwa muka ƙara, kuma tukunya ɗaya ake yi wa kowa, don na lura in aka ware wa tsoho tasa miyar lami, zuciya yake yi ya aika a sayo masa ta waje.

Masu ciwon suga kuma kowa tsoron hawansa yake, ba a tsoron faɗuwarsa, alhali ita ce mai kayar da tsoho nan take. Wanda ke shan gilibenkilamid ko yake allurar insulin, in ya sha magani bai ci abinci ba, sai ka ga gumi, rawar jiki, yana magana ba kan gado. In awon suga ya nuna ƙasa da 70, ko babu abin awo ma, matuƙar yana iya haɗiya a jiƙa masa babban cokali ɗaya na sukari ko a ba shi rabin kofin lemon kwalba, a sake aunawa bayan minti goma sha biyar. In ya suma kada a ɗura masa komai, sai asibiti. Wannan ya fi faruwa da azumi, don tsofaffinmu sun fi yarda su faɗi da a ce sun sha azumi. Ni tun watan Sha'aban nake kai Inna a tsara mata lokutan magani, shekarar da likita ya ce kada ta yi kuma limaminmu na roƙa ya zo ya karanta mata ayoyin Baƙara da suka yi wa marar lafiya sauƙi, muka ciyar. Daga bakina ba za ta karɓa ba. Insulin in babu wuta, a sa kwalbar a leda a ajiye a jiƙaƙƙen yashi gindin randa, kada a bar ta a taga ko cikin mota.

Sauran ƙanana ne amma suna cizo. Kada Hajiya ta ba maƙwabciyarta maganinta don ciwonsu iri ɗaya ne. Mai suga a duba tafin ƙafarsa da tsakanin yatsu kullum, kada ya yi yawo ba takalmi, kada mai yankan farce na titi ya taɓa shi. Yanar ido aiki ne na ɗan lokaci a asibitin ido, kada a kai tsoho wurin masu tura ta da tsinke, makanta ake sayowa. Dattijon da fitsari ke yi wa gardama ya guji maganin mura na kemis, yana iya ɗaure fitsarin gaba ɗaya, kuma ku 'ya'yansa maza ku tambaye shi, kunya ba za ta bar shi ya faɗa ba. Tsohuwar da ta kwana lafiya ta tashi tana sambatu, kafin a ce rikicin tsufa ne ko aljanu a auna suga da fitsari, sau da yawa ciwon mafitsara ne ko ƙarancin ruwa a jiki. Banɗakin gidan haya mai santsi da gansakuka, a sa kujerar roba da fitila, karayar ƙugu ta kwantar da tsofaffi da yawa har abada. In za a tafi gida sallah, Kano ko Sakkwato, a ƙirga maganin kwanakin har da ƙarin mako biyu. A kuma yi wa tsoho rajistar inshorar lafiya ta jihar, Ilera Eko, tun yana kan ƙafarsa.

Akwai wanda ya keɓanta da mu mazauna Kurmi, shi ne tura tsoho asibiti shi kaɗai ko da ƙaramin yaro. Likita na Turanci, nas na Yarbanci, Baba kuma duk abin da aka faɗa sai ya ce "to". Ya dawo gida a tambaye shi me aka ce, ya ce sun ce da sauƙi. Ranar asibitin Inna ba na fita kasuwa, yaron shago nake bar wa rumfa. Ina zuba duk magungunanta a jaka ɗaya, har da na gargajiyar da 'yan dubiya suka kawo, in juye su a teburin likita. Kafin mu tashi sai na maimaita masa abin da na fahimta, wannan da safe, wannan bayan abinci, wannan an daina, ya ce haka ne, sannan in rubuta da Hausa a jikin kowane kwali.

Shi kuwa ɗan aminin mahaifina, ban bar gidan ba sai da muka taka tare zuwa kantin magani da tsohuwar takardar asibitin, mai kantin ya auna dattijon ya samu 180 bisa 100, ya ce gobe da sassafe a mayar da shi wurin likitansa. Mun mayar da shi, an sake ɗora shi kan magani. Na ƙirga ƙwayoyin da hannuna, talatin ne, na sa ƙararrawa a wayata ranar da za su rage saura bakwai, don in kira yaron in ji ko ya sayo.