Yadda Mai Aiki da Matasa Zai Yi Amfani da Waƙa da Kiɗa Ko da Bai Koye Su Ba

Da yawa daga cikin masu jagorantar matasa, a kulob ɗin makaranta ne ko a ƙungiyar unguwa ko a sansanin 'yan gudun hijira, suna gudun duk aikin da ya shafi waƙa da kiɗa, saboda suna ganin sai wanda ya gaji sana'ar ko ya karance ta a kwaleji ne ya isa ya taɓa ta. A ganina wannan fargaba ta yi yawa. Waƙar baka ta Hausa a kan bayarwa da amshi aka gina ta, mutum ɗaya ya bayar, jama'a su karɓa, kuma 'yan matan da ke gaɗa a dandali da matan da ke lugude a bakin turmi da yaran da ke fita tashe daga goma ga watan azumi, babu wanda ya zauna a aji kafin ya iya. Matasan da ke gabanka sun taso da wannan a kunnensu. Abin da suke bukata daga gare ka shi ne ka riƙe musu bugu, ka tsare musu oda, ka kuma tabbatar kowa ya samu gurbi.

Kafin zama na farko, ka nemi yardar iyaye da mai unguwa, domin a nan ne irin wannan aiki ya fi rushewa. A ƙasar Hausa roƙo sana'a ce ta gado, kuma akwai iyayen da da zarar sun ji an ce kiɗa sai su ɗauka ana shirin mayar musu da ɗa maroƙi. Ga shi kuma malamai sun yi saɓani kan hukuncin kayan kiɗa. Ka bayyana musu abin da za a yi da wurin da za a yi shi, ko maza da mata za su zauna tare ko daban, ka kuma yi alkawarin cewa za a tsaya da zarar an kira salla kuma za a tashi kafin magariba. Idan suka ce ba su yarda da ganga ba, kada ka ja da su, domin kusan duk abin da ke cikin wannan bayani zai yiwu da murya da tafi kaɗai. Koyarwa ta hanyar waƙa tsohuwar hanya ce da malamai suka san da ita: a ƙarni na 19 Nana Asma'u 'yar Shehu Usmanu Ɗanfodiyo da waƙoƙi ta riƙa aika jajis ɗinta, wato matan da ta horar su zama malamai, su karantar da mata a ƙauyuka, kuma har yau 'yan Islamiyya da waƙe suke haddace darussa da yawa.

Zama na minti 45 zuwa awa ɗaya ya wadatar, da mutum 12 zuwa 20, a tsaye cikin da'ira yadda kowa zai ga fuskar kowa. Ka fara da taka ƙafa a hankali, dama da hagu, kana ƙirga ɗaya zuwa huɗu kana maimaitawa, har sai ƙafafun kowa sun daidaita. Daga nan kowane matashi ya faɗi sunansa a kan wannan bugu, sauran su amsa da sunan tare da tafi. Wannan shi ne bayarwa da amshi a mafi sauƙin sigarsa, kuma a zagaye ɗaya za ka gane mai kunya da mai son a gan shi da wanda kunnensa ya riga ya buɗe.

Mataki na gaba shi ne ciro kari, wato tsarin bugu, daga magana, kuma a nan ne wanda bai koyi kiɗa ba yake samun sauƙi, domin Hausa tana da gaɓa gajera da gaɓa doguwa, ga kuma hawa da saukar murya, wanda shi ne ya sa kalangu yake iya kwaikwayon magana. Ka ɗauki jimla kamar "tuwon dawa miyar kuka", ku faɗe ta tare sau da yawa kuna tafa kowace gaɓa. Za ku ji gaɓa ɗaya gajera ta biyo da dogaye uku, sannan tsarin ya sake maimaita kansa. Idan ta zauna, sai a daina furtawa a bar tafin kaɗai. Sannan ka raba da'irar biyu, ɓangare ɗaya ya riƙe wannan, ɗayan ya ɗauki "fura da nono", a bar ƙafafu suna tafiya kamar yadda aka faro. Karon farko zai rikice, kuma za a yi dariya, wanda ba laifi ba ne. Matsalar da za ka yi ta fama da ita ita ce sauri, domin taro yakan ƙara gudu ba tare da ya sani ba. Maganinta shi ne ka ƙara girman takunka yadda kowa zai gan shi, maimakon ka ɗaga murya kana tsawa.

Kada ka raba kayan bugawa sai ka koyar da alamar tsayawa. Ka ɗaga hannu, ka dunƙule shi, kowa ya yi tsit a lokaci guda, ku gwada wannan har ya zama wasa. Wanda ya tsallake wannan mataki ya miƙa wa matasa 20 abin bugawa zai ƙare zamansa da ciwon kai da ƙorafin maƙwabta.

Kayan kuwa ba sa bukatar kuɗi mai yawa. Jarkar lita 25 da babu komai a ciki tana ba da amo mai kauri, bokitin roba yana ba da na tsakiya, gwangwanin madara da aka zuba wa tsakuwa aka toshe bakinsa yana maye gurbin caki, ƙwaryar da aka kife a kan ruwa a cikin baho kuwa tana ba da irin sautin da mata masu amada suka daɗe suna amfani da shi. Duk wanda ya raina gwangwani, a tuna masa cewa kuntigin da marigayi Ɗan Maraya Jos ya yi suna da shi ƙaramin abu ne mai tsirkiya ɗaya, wanda akan haɗa da gwangwanin kifi da fata. A guji jarkar da ta taɓa ɗaukar fetur ko maganin feshi, a kuma danne bakin gwangwani don kada ya yanki hannu. Kowa zai so babbar jarka, saboda haka a riƙa musayar kaya duk bayan 'yan mintuna.

Bayan zama biyu ko uku sai a shiga tsara waƙa, kuma da amshi ake farawa. Ka bar su su zaɓi jigo daga abin da ke damunsu, ko yankewar ruwa ne ko jarrabawa ko shaye-shaye ko tsadar kuɗin mota. Ku zaɓi amsa-amo guda, misali "wa", ku jera kalmomin da ke ƙarewa da shi a kan allo, sannan ku haɗa ɗango biyu gajeru, wato layi biyu na waƙa, kamar a ce "Famfo ya ƙafe a unguwa, kowa yana neman ruwa". Ku yi ta maimaita shi a kan tafi. Sau da yawa muryar waƙar takan fito da kanta daga hawa da saukar kalmomin, kuma wani daga cikinsu zai riga ka kama ta. Daga nan a kasu rukuni na mutum huɗu ko biyar, kowane rukuni ya kawo baiti ɗaya mai ƙwar biyu, wato mai ɗango biyu, su rera, jama'a su karɓa da amshi. Ka kame hannunka daga yawan gyara, domin baiti mai ɗan karkata wanda nasu ne ya fi amfani a wannan aiki fiye da miƙaƙƙe wanda kai ka rubuta.

Abin da ya kamata ka sa wa ido sosai shi ne zambo da habaici. Ka kafa doka tun farko cewa ba a ambaton sunan kowa, ba a taɓa halitta ko ƙabila ko addini, ba a kuma shigo da jam'iyyar siyasa. Zambo yana da sauƙin kamawa, amma habaici ba ya kiran suna, sai dai kowa a da'irar ya san wanda ake nufi, don haka ka riƙa kallon fuskoki: idan aka fashe da dariya kuma idanu suka koma kan mutum ɗaya wanda shi ba ya dariya, ka tsayar da baitin nan take, ka yi magana da mai shi a keɓe bayan an tashi. Mai kunya kuwa kada a tilasta masa rera waƙa shi kaɗai, a ba shi caki ya tsaya cikin jama'a. Idan kana aiki da matasan da rikici ya raba da gidajensu, ka sani cewa bugu mai ƙarfi na ba-zata yana iya firgita wasunsu, saboda haka a fara a hankali, a bar ƙofa a buɗe ga mai son fita, kuma kada ka nemi su yi waƙa kan abin da ya same su sai idan su ne suka kawo maganar.

Kusan a kowane taro akwai wanda ya fi ka iyawa, wataƙila ɗan gidan makaɗa ko mai haɗa sauti a wayarsa. Ka ba shi jagorancin kiɗan a fili, kai ka riƙe lokaci da oda. Idan kuma za ka gayyato makaɗi daga waje ya nuna musu kalangu ko gurmi, ku daidaita kan ladansa tun kafin ya zo, ka kuma gaya masa koyarwa ake so, in ba haka ba yana iya ɓugewa da yi maka kirari yana jiran liƙi.

Mintuna goma na ƙarshe a ware su don ɗaukar abin da aka yi a waya, kuma murya kaɗai ta isa. Kada a ɗauki bidiyo, kada kuma a ɗora komai a TikTok ko Facebook sai da yardar masu shi, tare da ta iyaye ga duk wanda bai kai shekara 18 ba. A rubuta baitocin a littafi guda da ke hannun ƙungiya, a tattara kayan a ƙirga su, sannan zama na gaba ya fara da sauraron wannan murya da aka ɗauka, su da kansu su faɗi inda aka yi sauri da baitin da ke bukatar gyara.