Yadda ake neman kotu ta dakatar da aiwatar da hukunci kafin a ji ɗaukaka ƙara

Ranar da aka yanke hukunci kan gidanmu na Tudun Wada, mai shaguna uku a gaba, Yaya ya fito daga Babbar Kotu yana gyara hula, ya ce, "Ba komai, za mu ɗaukaka ƙara." Da wannan magana muka ci tuwon dare hankali kwance. Washegari da muka maimaita ta a gaban Barista, sai ya ajiye biro ya ce, "Alhaji, ɗaukaka ƙara ba ta ɗaure hannun wanda ya yi nasara. Sashe na 17 na dokar Kotun Ɗaukaka Ƙara ya faɗa ƙarara." Wato kana can kana jiran ranar zama, ma'aikatan kotu za su iya zuwa da 'yan sanda su fito da kayanka bakin titi, su garƙama sabon kwaɗo. Roƙon dakatarwa daban ake shigar da shi.

Fara da karɓo kwafin hukuncin mai hatimin kotu daga ofishin rajistara, ka zauna da lauya ku karanta ƙarshensa. Idan alƙali ya ce ka tashi ka miƙa gida, wannan umarni ne da ake iya dakatarwa. Idan kuwa iyakarsa ya bayyana cewa gidan na wane ne, bai ce a yi komai ba, to babu abin dakatarwa. Abin da za ka nema shi ne odar hana shi sayarwa ko rushewa har a gama. Mutane da yawa a nan suke ɓata kuɗinsu, su shigar da roƙon da bai dace ba a kore shi.

Daga nan sai takardar ɗaukaka ƙara. Doka ta ba ka wata uku bayan hukuncin ƙarshe na Babbar Kotu, amma kada wata ukun ya ruɗe ka. In alƙali bai sa ranar tashi ba, bayan kwana 14 ana iya fitar da takardar karɓe gida. Mu a rana ta shida muka shigar. Sai ƙararka ta shiga roƙon dakatarwa ke samun ƙafar tsayawa, don haka rasit ɗin biyan kuɗin ma ka adana shi.

Roƙon kansa a kotun da ta kayar da kai ake fara kai shi. Yaya ya ƙi yarda da farko: "Wanda ya mare ka, shi za ka kai wa kuka?" Haka ƙa'idar take. In alƙalin ya ƙi, kana da kwana 15 ka kai irin roƙon Kotun Ɗaukaka Ƙara, wadda ke da reshe nan cikin Kaduna.

Inda aikin yake shi ne takardar rantsuwa. Kotu ba ta son raba mai nasara da abin da ya ci, sai da dalili na musamman. Tun shari'ar Vaswani da Savalakh a 1972 Kotun Ƙoli ta nuna irin dalilin: cewa in aka aiwatar da hukuncin, abin da ake shari'a a kai zai salwanta, ko ka yi nasara daga baya ka tarar babu abin da za a mayar maka. Ni na so a rubuta cewa Baba ne ya gina gidan da guminsa, Inna ta tsufa, ba ta san ko'ina ba sai nan. Barista ya saurare ni har na gama, sannan ya tambaya, "Kana da hujjar cewa rushewa zai yi?" Ashe akwai. Kwana biyu bayan hukunci an sauke tifar yashi da bulo a ƙofar gida, wani mai awo ya zo ya ja igiya, ɗan hayarmu tela ya ɗauki hoto da wayarsa. Hotunan nan huɗu da wasiƙar da aka raba wa 'yan haya cewa su kwashe za a yi gini, su muka liƙa. Sai kuma ka nuna ƙarar taka na da batun doka na gaske, kamar hurumin kotu, ba jin haushi kawai ba. Kada ka ɓoye komai a rantsuwar. Ɗaya ɓangaren zai mayar da tasa, ƙarya ɗaya ta isa ta zubar da sauran.

Da zarar an shigar, a tabbata an kai wa abokin shari'a kwafi, a kai wa ofishin masu aiwatar da hukunci na kotun, a buga maka hatimin karɓa. Ni da kaina na bi masinja. Kotuna ba sa yarda wanda ya san akwai roƙo a gabansu ya yi gaban kansa, amma sai ka iya nuna ya sani. Kai ma haka: ban da tara matasan unguwa su tsare ƙofa, ban da sayar da shago a ɓoye.

In shari'arku a Kotun Shari'ar Musulunci aka yi, kamar rabon gado, matakala da wa'adin sun bambanta, a ranar hukuncin ka tambayi lauya.

Ka shirya wa sharaɗi, don da wuya a ba ka dakatarwa haka kawai. Mu an bar Inna a gidan, aka hana kowa taɓa gini, aka ce kuɗin hayar shagunan uku a riƙa zuba su a asusun kotu har a gama. Yaya ya yi ta gunaguni, don da kuɗin ake cefane. Duk ƙarshen wata ni ke zuwa banki, rasit ɗin kuma na cikin gwangwanin biskit a ɗakin Inna. Yashin nan har yanzu yana ƙofar gida, damina biyu ta cinye rabinsa, yaran layi na wasa a kan sauran.