Babi na 6: Ulu, Kwarashi da Ƙirga

Ƴan'uwana mata, sannunku da zuwa. Tun da iskar hunturu ta fara busawa a nan Tawa nake ganin wasunku suna shigowa aji da dunƙulen ulu a leda, suna ɓoye shi a ƙarƙashin mayafi don kada in gani. Ku fito da shi fili, da shi za mu yi karatu a wannan wata. Kowace ta zo da kayenta, wato littafin rubutu, da fensir, da kwarashi, da ulu dunƙule ɗaya. Wadda ba ta da kwarashi ta zauna kusa da mai shi. Kafin mu rufe babin nan, in Allah ya yarda, kowace za ta fita da hular jariri da ta saƙa da hannunta, da lissafinta a rubuce.

Darasi na 1: Rubutun da ke jikin kaya

Ɗauki dunƙulen. Kin ga takardar da aka ɗaure masa a tsakiya kamar ɗamara? Kada ki yage ta ki yar. Rubutun jikinta na Faransanci ne ko Turanci, amma yau ba ruwanmu da kalmomin, lamba muke nema.

Nemi lambar da ƙaramin harafin g ke biye da ita. Za ki ga 50 g ko 100 g. Wannan g yana nufin giram, wato nauyin ulun. Sa yatsa a kai. Yanzu ki kwafe shi a kaye, ki fara daga hagu. Hagu shi ne gefen hannun da ba kya cin tuwo da shi.

Akwai wata lamba kuma, sau da yawa doguwa, wadda aka buga da tawada daban. Lambar rini ce. Ulun da aka rina a tukunya ɗaya lambarsa ɗaya. Idan naki ya ƙare a tsakiyar aiki, ki tafi kasuwa ran Lahadi da takardar nan, ki jera ta da ta sabon dunƙule, ki duba lamba bayan lamba. Ja da ja suna iya bambanta, sai kin fito rana za ki gani, kuma a lokacin kin riga kin biya.

Sai kwarashi. Duba tsakiyarsa, wurin da aka baje don babban yatsa ya zauna. An zana lamba a nan: 3, ko 3,5, ko 4. Kaurinsa ke nan a milimita. Ɗan waƙafin da ke cikin 3,5 yana cewa uku da rabi. Mu za mu yi aiki da lamba 4.

Wata uwa daga Garkawa ta tambaye ni yadda za ta gane irin zaren in babu takarda. Yanki ɗan guntu, ki riƙe da tsinke, ki kai bakin ashana nesa da yara. Na roba narkewa yake yi ya dunƙule ya yi tauri. Na gashin tunkiya yana warin ƙonannen gashi. Na auduga yana ci kamar takarda. Yawancin wanda muke saye na roba ne, saboda haka kada ki shanya hula a bakin murhu, kada kuma ki sa mata dutsen guga.

Darasi na 2: Ido 25

Wannan darasi shi ne uwar babin. Ba za mu yi sauri ba.

Yi ƙulli mai zamewa, ki zura kwarashi a ciki. Naɗo zare a bakin kwarashi, ki jawo shi ta cikin madaukin. Abin da ya fito muna ce masa ido. Idanu da yawa a jere su ne sarƙa. Yi sarƙa mai ido ashirin da biyar. Madaukin da ke rataye a jikin kwarashi ba a ƙirga shi. Ki ƙirga da baki, a ji muryarki: ɗaya, biyu, uku, har ki kai.

Ajiye kwarashi. Ɗauki fensir. Rubuta: 25.

Tsaya nan, domin a nan ake faɗuwa. Na daɗe ina koyarwa, kuma kowace shekara kuskure uku nake gani a kan wannan lamba ɗaya.

Wata tana rubuta 205, don ta ji "ashirin" ta sa 20, ta ji "biyar" ta ƙara 5. Wannan ɗari biyu da biyar ne, kuma ido 205 ya isa zanen gado. Ashirin da biyar ɗaki biyu kawai gare shi. Ɗakin hagu na gomomi ne, goma biyu, sai ki sa 2. Ɗakin dama na ƴan ɗaiɗai ne, sai ki sa 5. Sifili ya tashi, biyar ta zauna a wurinsa. 25.

Wata tana rubuta 52. Hannunta ya saba da allo tun tana yarinya, yana son farawa daga dama. Babu abin kunya a nan, ilimi ne ya riga wani ilimi shiga hannun. Amma a kaye sai ki sa 2 tukuna a hagu, 5 ta biyo a dama. 25.

Wata kuma tana rubutawa daidai, amma in na nuna mata na ce karanta, sai ta ce "biyar". Na san dalili. Haka aka zana a jikin kuɗin da muke ce wa dala biyar, kuma ta fi shekara talatin tana ganinsa. Ƴar'uwa, a kan kuɗi ne kawai muke ƙirga da dala. A kan ido, a kan yara, a kan buhun albasa, 25 ashirin da biyar ne.

Sake rubuta shi sau biyar. 2 a hagu, 5 a dama. Madalla.

Yanzu layi na farko. Ƙara ido ɗaya a kan sarƙar, wannan na juyawa ne, ba ya shiga lissafi. Tsallake shi. Zura kwarashi a ido na biye, naɗo zare, jawo. Kina da madauki biyu a kan kwarashi. Sake naɗo zare, ki jawo ta cikin duka biyun. Kin saƙa ɗaya. Ci gaba haka har ƙarshen sarƙa.

Kin kai ƙarshe? Kada ki juya. Hannunki zai so juyawa, ki hana shi. Dubi saman layin, kowane ido yana kama da harafin V a kwance. Ƙirga su da yatsa. Idan 25 ne, rubuta a kaye:

Layi 1: 25

Sa'an nan ki yi ido ɗaya na juyawa, ki juya aikin kamar yadda ake juya shafin littafi.

Idan 24 kika samu, ido na ƙarshe ne ya ɓuya miki. Kullum shi ne. Yana kwanciya a gefe, ya matse, ya yi kamar ba ya nan. Ki neme shi da bakin kwarashi. Idan 26 kika samu, kin saƙa biyu a rami ɗaya, ko kin shiga idon juyawa. Warware ki gyara. Warware layi ɗaya aikin minti biyu ne, warware layi goma aikin yamma guda ne da ɓacin rai.

Layi na biyu. Saƙa har ƙarshe. Tsaya. Ƙirga. Rubuta Layi 2: 25. Ido ɗaya. Juya.

Layi na uku. Saƙa har ƙarshe. Tsaya. Ƙirga. Rubuta. Me za ki rubuta? 2 a hagu, 5 a dama. Sa'an nan ki juya.

Mu faɗa tare, da ƙarfi: in ƙirga, in rubuta, kana in juya. Sake. Wadda ta gaji ta huta, ba tsere muke yi ba. Inna, ke da idonki ke ba ki wahala, matso bakin taga, kuma ki zaɓi ulu mai haske, don baƙi yana ɓoye ido ko ga yarinya.

Aikin gida: layi 10, da lambar kowane layi a kaye.

Darasi na 3: Karatu

Wannan labari daga bakin wata uwa ce da ta yi wannan aji kafin ku. Na rubuta shi yadda ta faɗa. Kowace ta karanta jimla biyu, ta miƙa wa ta kusa.

"Ni mai saƙa ce. Gidanmu yana Bilbis. Da asuba ina dama kunu, in share tsakar gida, in sallami yara zuwa lakkol. Maigida yana Abijan wajen nema. Bayan azahar ina shimfiɗa tabarma a gindin bedi, in kunna rediyo, in ɗauki kwarashi. Lokacin kokawa nakan manta ƙirga in an yi kaye. Ina son dara, ina son kiwon tantabaru, amma saƙa ta fi su.

"A shekarar 2007 Sallar layya ta zo cikin Disamba, a tsakiyar ɗari. Yayana da ke Yamai ya ce mu zo mu yi Salla tare. Na saƙa hula 7, kowane ɗa nasa da tasa. Mun shiga mota da asuba. Mun bi ta Ƙonni, da Dogon Dutsi, da Doso. Tafiyar ta fi kilomita 500. Kusa da Kure yara suka hango raƙuman dawa a bakin hanya, suka yi ta ihu. Hula ta ƙarshe a cikin motar na gama ta.

"Ranar Salla aka yanka raguna, aka feɗe, aka baje su a kan itace, aka jera su kewaye da babbar wuta a ƙofar gida. Wuni guda suna gasuwa. Washegari aka raba nama, yara suna kai wa maƙwabta a kwano. Mun kai su gidan tarihi na Bubu Hama suka ga zaki da dorina. Mun tsaya a gadar Kennedy muka kalli kogi. Duk inda muka bi suna sanye da hulunan.

"Guda ɗaya ce ta ƙi shiga kan mai ita. Ita ce ta cikin mota. Gefe ɗaya ya tsuke, don ban ƙirga ba. Yarinyar ta yi kuka. Na warware ta a daren, na sake saƙawa a hasken wutar ragunan."

Ku lura da kalmar kaye a cikin labarin. Akwai kayen kokawa, akwai kayen rubutu. Harufansu ɗaya, jimla ce ke nuna wanda ake nufi. Ku lura kuma da ƙ mai lanƙwasa a saƙa. In kika bar lanƙwasar kin rubuta saka, wata kalma ce daban.

Amsa a kaye: Hula nawa ta saƙa? A wace shekara? Me ya sa hula ɗaya ta tsuke? Tambaya ta ƙarshe ina so kowace ta amsa ta da cikakkiyar jimla.

Darasi na 4: Kuɗin ulu

Kafin mu fara, ina da magana, kuma ba da wasa nake ba.

Na duba aikin gida. Fiye da rabinku sun rubuta 25 sau goma a jere, da fensir ɗaya, a zama ɗaya, saƙar kuwa ta tsuke kamar ƙahon sa. Na ƙirga wata na samu ido 19 a layi na goma, kayen yana cewa 25. Wa ake ruɗi? Ni ba hular nan zan sa ba. Kun ce ba lokaci. Na san ɗiban ruwa, na san daka, na san goyo, ni ma mace ce. Amma lokacin da ya isa a saƙa layi ya isa a ƙirga shi. Akwai kuma wadda ta ba ɗanta ɗan lakkol ya cika mata, na gane rubutun yaro. Haba, ƴan'uwa! In an aiko miki saƙo a waya daga Abijan, shi zai ci gaba da karanta miki sirrinki har yaushe? Wasu kuma tun bikin makon jiya ban sake ganinsu ba. Ku gaya musu ina cigiya.

Ku warware har inda 25 ya tsaya, ku sake. A ƙirga, a rubuta, kana a juya.

To, kuɗi. Dala ɗaya sefa 5 ce. Mai shago yana rubuta sefa, mu muna faɗin dala. In kika ga 500 F, dala ɗari ke nan. 250 F, dala hamsin. 1000 F, jaka ɗaya.

A ce kin sayi ulu 500 F, kin sayar da hula 1500 F. Rubuta babba a sama, ƙarami a ƙasa, ki cire. Saura 1000 F. A cikin wannan jakar ne ladan wuninki yake, ki tuna da haka kafin ki ba da bashi. In kin bayar, rubuta sunan mai shi da lamba.

Darasi na 5: Haɗa hula

Ci gaba da layi har tsawon ya kai santimita 33 a mitar tela. Kan jariri sabon haihuwa yana wajen 35, ulu kuma yana miƙewa. Haɗa bakin biyu, ki ɗinke da babbar allura. Zura zare a gefe ɗaya, ki ja ya tattare, ki ƙulla ta ciki. Layi nawa kika yi duka? Rubuta.

Darasi na 6: Bita

Rubuta da lamba: goma sha biyu, ashirin da ɗaya, ashirin da biyar, hamsin da biyu.

Ku zo da hula da kaye ran Laraba.