Yadda Ake Raya Tunani da Gwada Kayan Aiki a Ajin Sassaƙa

Fara da littafin zane, amma kada ka daɗe a kansa. Takarda fuska ɗaya take nunawa, sassaƙa kuwa kewaya ta ake yi. Zana abin da ke ranka ta gaba, ta baya da ta gefe, ka kuma riƙa tsintar ƙananan abubuwan da siffarsu ta ja hankalinka. Shahararren masassaƙi Henry Moore na Ingila tsakuwa da ƙasusuwa yake tarawa a ɗakin aikinsa, daga nan siffofinsa da dama suka samo asali.

Mataki na biyu shi ne ƙaramin samfuri, wanda bai wuce tafin hannu ba. A ganina nan ne aikin yake. Ɗauki siffa ɗaya ka yi ta da yumɓu, ka sake ta da waya, ka sake da kwali. Za ka ga kowanne da halinsa: yumɓu yana son nauyi da kauri, waya layi kawai take bayarwa ta bar iska a tsakiya, kwali kuma sai lanƙwasa da kusurwa. Sau da yawa wanda ka raina shi ke canza maka tunanin gaba ɗaya.

Yumɓu na bukatar haƙuri. Yana raguwa da kusan kashi 10 cikin 100 tsakanin bushewa da gashi, don haka idan ka bar waya a cikinsa ya bushe, zai tsattsage, domin ita ba ta raguwa. Mai kauri sai an rarake cikinsa an huda ƙofar iska kafin a gasa. In za ka tashi, rufe shi da jiƙaƙƙen tsumma da leda.

Filasta kuwa, wato farin garin da ake kwaɓawa da ruwa ya daskare, ba ta jiran kowa. Ruwa ake fara zubawa a roba, sannan a barbaɗa garin har ya leƙo saman ruwan, a gauraya a hankali. Kafin rabin sa'a ta daskare, tana kuma fitar da zafi, saboda haka kada ka kuskura ka bar hannunka ya daskare a cikinta, ƙuna ce mai muni. Ragowar ma ba a zuba ta a bututun ruwa, toshewa zai yi.

Kowane gwaji ka ɗauki hotonsa, ka rubuta abin da ka haɗa da adadinsa. Wanda ya fashe ma ajiye shi. Daga ƙarshe jera su duka a tebur, malami da 'yan aji su kewaya su faɗi abin da suka gani kafin ka buɗe baki, sannan ka zaɓi wanda za ka girmar.