Yadda za ka bi sawun faston Methodist da ya yi aikin jarida

Fara da rahoton babban taron cocin na shekara-shekara. A Ingila ana wannan taro tun 1744, kuma rahotonsa na nuna garin da aka tura kowane fasto. Abin da ya sa na ce ka fara da shi, faston Methodist ba ya daɗewa wuri guda, a ƙarni na 19 da wuya ya wuce shekara uku ba a sauya masa gari ba. Jera garuruwan bisa shekaru, ka samu ƙashin bayan tarihinsa.

A cikin rahoton za ka ga ta'aziyyar da aka rubuta bayan rasuwarsa. Karanta ta, amma kada ka tsaya nan. 'Yan'uwansa fastoci ne suka rubuta, yabo ne da addu'a, ba za su ambaci rigimar da ya yi da kowa ba.

Mutumin yana cikin jaridarsa. Ɗauki Hugh Price Hughes, ɗan Wales da ya kafa Methodist Times a 1885. In ka bi sharhinsa mako-mako za ka ji zafinsa kan shan giya da halin talakawan Landan, har ka kai 1890, lokacin da ya tsaya kai da fata cewa Parnell, jagoran 'yan siyasar Ireland, ya sauka saboda abin kunyar aure. Wannan sashe ne nake so ka ba lokaci. Sharhin edita galibi ba ya ɗauke da suna, don haka tabbatar da shekarun da ya riƙe kujerar kafin ka ce maganarsa ce. Ka kuma buɗe shafin wasiƙun masu karatu, can ne waɗanda ya taka wa ƙafa suke mayar da martani. Sai ka gwada da Methodist Recorder, wadda ta fara fita a 1861, ka ga yadda ita ta kalli batun.

In ɗan Amurka ne, nemi Christian Advocate ta New York, wadda aka fara a 1826. A zamanin da take fita, babban taron coci ne ke zaɓen editanta, saboda haka duba shekarun zaɓen.

Tsofaffin takardun cocin na Ingila suna ɗakin karatu na John Rylands a Manchester, na Amurka kuma a Jami'ar Drew da ke New Jersey. Rubuta musu tukuna, ka faɗi cikakken sunansa da shekarun da kake nema.